'Yar Ƙanena Ta Kai Ciwona Kan Dandamali

Akka Vanaja,

Ki taimake ni da shawara tun kafin in aikata abin da na ƙudurta, don na san halina, in na tashi yin abu ba na waiwaye. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Hasali ma ina cikin masu yi wa filin nan naki dariya, ina cewa sai wanda ba shi da kowa a gida ne ke kai kukansa gaban mutanen gari. To ga shi yau reshe ya juye da mujiya. Kada ki buga sunana, sunayen sauran ma na sauya su.

Ni malamar rawa ce, rawar gaske ta gargajiyarmu, Bharatanatyam, ba birgimar da ake yi yanzu ba. Shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa a ɗakin saman gidanmu nan birnin Bengaluru. Ban yi suna ba, ba a taɓa ɗaukata a jirgi an kai ni ƙasar waje ba, amma duk yarinyar da ta fita daga hannuna, ko a tashar bas ta tsaya za ki gane ta daga yadda ta miƙe bayanta. Wannan kaɗai nake taƙama da shi, kuma ya ishe ni.

Wadda na kawo miki ƙararta ita ce Sumukhi, 'yar ƙanena. Uwarta ta rasu tana 'yar shekara biyar, ni kuma Ubangiji bai ba ni haihuwa ba, sai na ɗauko ta. Ni na yi mata kitso, ni na yi jinyarta lokacin da ƙyanda ta kwantar da ita, ni na koya mata yadda ake taka ƙasa da yadda ake neman gafarar ƙasar kafin a taka ta. Ranar da ta isa ɗaura akayau, ban saya mata sabo a kasuwa kamar sauran yara ba. Na malamata na ba ta, wanda ta ɗaura min da hannunta kafin ta bar duniya, ƙararrawarsa ta yi baƙi don tsufa amma babu mai zaƙin sautinsa. A gaban mutum-mutumin Nataraja, abin bautarmu na rawa, na ɗaura mata shi, an kunna fitila, an fasa kwakwa, ta durƙusa ta taɓa ƙafafuna tana kuka. Kin san abin da wannan ke nufi a wurinmu, ba sai na tsaya yi miki bayani ba.

Ana nan sai ta haɗu da wani Dhruva, ɗan gayun nan mai ɗaure gashi a ƙeya, wanda ya je Turai ya dawo da labarin cewa rawarmu ta zama kayan ado a kabad. Ya kafa ƙungiyar abin da suke kira rawar zamani, ta shiga. Akka, yayata, kin taɓa zuwa kallonsu kuwa? Mutum takwas su fito da tufafi masu launin toka kamar makanikai, babu kwalli, babu fure a ka, babu akayau, fuska a daskare kamar an aiko musu da rasuwa. Wannan ya faɗi, wancan ya ja shi a ƙasa, wata ta tsaya a lungu tana numfashi da ƙarfi kamar mai asma. Kiɗa kuwa, in an yi miki adalci ki ji ƙarar janareto da ɗigar famfo. In an gama, masu manyan tabarau su tashi suna tafi suna jinjina kai, alhali na rantse ko su ba su san abin da suka kalla ba. Shekarun da na kwashe ina koya wa yarinya ta tsaya tsaf, sai ga shi ana yaba mata don ta iya faɗuwa.

Na haɗiye. Na ce ƙuruciya ce, za ta gaji ta dawo. Har dariya nake mata. Wata safiya muna cin dosa, wainarmu ta shinkafa, take ba ni labarin yadda suke aiki. Wai su ba a koya musu taku. Dhruva zai zaunar da su a ƙasa su yi da'ira, ya ce kowa ya je gida ya kawo abin da ya gani da idonsa ya kasa faɗa da bakinsa, da shi za a gina wasan. Na ce mata, "To ki kai masa tsintsiya, na ga tun da kika shiga wurinsu kin kasa faɗin inda take." Ta yi dariya, na yi dariya. Ashe ni ce abin da za a kai.

Yanzu zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Wajen shekara biyu ke nan hannuna na hagu yana karkarwa. Da farko sai na gaji, daga baya ko ina zaune kawai sai ya fara. Ke kin san malamar rawa da hannunta take ci. Da shi nake nuna wa yara fure da barewa da fuskar wata, da shi nake riƙe ƙananan kugen da ake kiyaye taku. Ranar da iyaye suka ji malama ba ta iya kiyaye taku, ranar za su fara neman wata makarantar. Sai na yi dabara. Na miƙa kugen ga babbar ɗalibata, na ce lokaci ya yi da za ta koya. In hannun ya fara a gaban yara, sai in kama wuyansa da na dama kamar ina gyara awarwaro, in tura shi ƙarƙashin gefen sarina, in yi musu murmushi in ci gaba da ƙirga. Awarwaron gilas ɗina kore su suka fara tona ni, don ko ban motsa ba sai a ji suna kacau-kacau. Na cire su, na ce suna ja min zaren sari, na ba Sumukhi. Maigidana bai ko lura ba. Shi in dai akwai wasan kurket a talabijin, ko kaina na aske sai bayan mako zai tambaya.

Sumukhi ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce, "Gwaggo, hannun nan lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau. Ta sake tambaya wani lokacin, na ce ta kula da gwiwoyinta da take gurzawa a ƙasa ta bar min hannuna. Ai ina da iko. Jikina ne, sirrina ne, kuma yarinyar da na yi wa wanka ba ita za ta titsiye ni ba.

Watan da ya wuce ta kawo min katin gayyata da hannunta. Ta ce, "Gwaggo, don Allah ki zo, wannan naki ne." Ni da wautata na ɗauka sadaukarwa ce, irin wadda ɗaliba ke yi wa malamarta. Na sa sarina na siliki, na sa fure a ka, aka zaunar da ni layin gaba. Kujera biyu tsakanina da Kamalakshi, wadda muka yi karatu tare a wurin malama ɗaya, kuma tun ranar da aka ba ni akayau ɗin nan ba a ba ta ba take jiran ranar faɗuwata.

Aka yi birgimar da aka saba, wani ya ja kujera daga wannan bango zuwa wancan har na fara gyangyaɗi. Sai aka kashe fitilu aka bar ɗaya. Ga Sumukhi zaune a ƙasa ta tanƙwashe ƙafa, irin zamana. Ta ɗan karkata kai hagu, irin karkatawata. A hannunta na hagu ga awarwarona kore, an sauko da makirufo daidai wurinsu. Ta ɗaga hannun za ta buɗe fure, sai yatsun suka fara karkarwa, ƙarar gilas ta cika zauren. Ta kama wuyan hannun da na dama kamar tana gyara awarwaro. Ta tura shi ƙarƙashin mayafi. Ta yi murmushi ga yaran da babu su, leɓɓanta suna ƙirga. Ta sake fito da shi, ya sake fara. Haka ta yi ta maimaitawa, karkarwar tana hawa kafaɗa, tana sauka baya, har jikin duka ya ɗauka, ita kuma murmushin nan bai bar fuskarta ba. A ƙarshe ta zare awarwaron ɗaya bayan ɗaya ta jera su a ƙasa, zauren ya yi tsit.

Akka, na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Na ga mata suna share hawaye, na ga mutane sun miƙe suna tafi, ni kuwa ina zaune na danne hannuna da cinyata don ya ƙi tsayawa. Abin da ya fi ƙona min rai, ta yi shi da kyau. Bayanta a miƙe, idanunta suna bin hannunta yadda na koya mata. Da kayana aka yanka ni.

Da muka fito harabar da ake shan kofi, sai ga Kamalakshi da fara'arta. Ta sayo min kofi da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, an cika kofin ƙarfen har baki yana tururi, ga 'yar tasar da ake jujjuya shi a ciki don ya huce. Ta miƙo min duka biyun, ɗaya a kowane hannu, ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Sha mana, ƙawata. Ko in jujjuya miki? Kai, yarinyar nan taki akwai ido, ko a ina ta ga irin wannan oho." Na ce ina azumi. Ta ce, "Ayya, da sarin siliki?" Ta yi dariyar nan tata mai kama da kukan zabuwa.

Sai ga Sumukhi ta fito da gumi, ta sunkuya za ta taɓa ƙafafuna. Na janye su. A gaban mutane na janye, kuma ban yi nadama ba. Ta ɗago tana cewa, "Gwaggo, ban faɗi sunan kowa ba." Ji min yarinya! Ta ɗauki zamana, ta ɗauki murmushina, ta ɗauki awarwarona, wai ba ta faɗi suna ba. Na tari adaidaita na yi gida.

Tun ranar ta koma kwana wurin ubanta, ni kuma ban ɗaga wayarta ba. Ta zo ta zauna a matakalar bene da ledar alawa, na sa maigida ya ce ina barci. Ta turo saƙo wai, "Na tambaye ki kin ce lafiya lau, na sake kin kore ni. Ina kallonki kullum ina jin tsoro. Da wane baki zan faɗa?" Ubanta kuma, ƙanen nawa da bai san bambancin taku da tuntuɓe ba, ya bugo yana ce min, "Haba Yaya, fasaha ce fa, har jarida ta yabe ta." Na ce in ya ga dama ya ba ta basur ɗinsa ta kai dandamali, mu ga ko zai saya wa abokansa tikiti. A makon nan iyaye biyu sun tare ni suna tambayar lafiyata da wata irin murya, na san bakin Kamalakshi ne ya fara aiki.

Ga abin da na shirya. Wata mai zuwa za su maimaita wasan a babban zaure, a bikin rawa na gari. Al'adarsu ce in an gama su zauna a bakin dandamali, a zagaya da makirufo, 'yan kallo su yi tambaya. Zan sayi tikitina da kuɗina. Zan karɓi makirufon, in faɗa a gaban kowa cewa wannan ba ɗalibata ba ce, a goge sunana daga takardar da suke rabawa, kuma ta dawo min da akayau ɗin malamata. Kin san wadda malamarta ta karɓe wa akayau a bainar jama'a ba ta sake ɗaga kai a cikinmu. Haka nake so. Ta ji abin da na ji. Ki gaya min ina da gaskiya, kuma tunda ke ma'abuciyar alƙalami ce, ki taya ni tsara kalmomin da za su shige ta har ƙashi.

Malamar da aka tona wa asiri,
Bengaluru

Malama,

Kalmomin da kike nema ba zan ba ki ba, kuma na ga alama ba kya buƙatar taimako wajen iya magana mai zafi. Amma zan ba ki gaskiyarki tukuna. Sumukhi ta yi miki laifi, babba. Ciwon mutum nasa ne, shi ke da ikon ya faɗa ko ya yi shiru. Ta ɗauka ba ta tambaye ki ba, ta zaunar da ke layin gaba ba ta gargaɗe ki ba, sannan ta fake da cewa ba ta ambaci suna ba. Wannan hujjar yara ce. Shi ma Dhruva da nasa kason. Wanda zai ce wa matasa su je gida su kwaso abin da suka gani, wajibinsa ne ya tambaya: na waye, kuma ya yarda? Janye ƙafarki da kika yi ban ga laifinki ba.

Kan rawar tasu kuwa ba zan yi gardama da ke ba. Na je na kalla, wata ta sa ni barci, wata na koma gida na kasa cin abinci. Haka ma na sha gyangyaɗi a gaban masu akayau da fure a ka. Ki bar wannan faɗan, ba shi ne ke hana ki sukuni ba.

Yanzu ki saurari ɗaya ɓangaren. Yarinyar nan ta rasa uwa tana 'yar shekara biyar. Ta girma, ta ga hannun uwar da ta rage mata ya fara karkarwa, ta tambaya aka rufe mata ƙofa, ta sake aka yi mata tsawa. Ke kika raine ta a gidan da ake faɗin komai da ido da yatsu, sai ta faɗa da yaren da kika koya mata. Ta zaɓi wurin da bai dace ba, amma ki sake karanta abin da kika rubuto min. Mutane kuka suka yi. A duk zauren nan mutum ɗaya ce ta yi miki dariya, kuma ba Sumukhi ba ce. Ina jin rabin fushinki na ciwon ne, rubu'i na Kamalakshi, sai dai su biyun ba su zo sun zauna a matakalar benenki ba. Haushin kaza ne ake hucewa a kan dami.

Shirin naki kuma, ki tsaya ki hango shi. Kin miƙe a babban zaure, ranki a ɓace, an juyo da fitila kanki. Me kike tsammani idanun mutane za su fara nema? Yau zato ake yi, ranar ke da kanki za ki tabbatar. Kamalakshi ba za ta sake wahalar sayen kofi ba. Za ki koma gida da akayau a jaka, ki ajiye shi a kabad, ki zauna ke da mai kallon kurket.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki je wurin likitan jijiyoyi cikin makon nan. Ni ba likita ba ce, amma na san karkarwa tana da dalilai da yawa, kuma akwai waɗanda magani ke lafar da su. Shekara biyun da kika yi kina ɓoye hannu a sari babu abin da suka warkar. Ki kashe talabijin ki gaya wa maigidanki. Sannan ki tara iyayen ɗalibanki ki faɗa musu da bakinki, a taƙaice, kai a sama, kafin su ji ƙarin gishirin wata. Wasu za su tafi. Da yawa za su zauna, don idonki da kunnenki suke kawo yaransu su amfana da su, kuma waɗannan lafiyarsu ƙalau.

Sai ki kira Sumukhi gida, ki rufe ƙofa, ki zazzage mata duk abin da kika tanadar wa makirufo. Kada ki rage komai, ta cancanci ta ji. Ki gindaya mata sharaɗi: wannan ɓangaren ba zai sake hawa dandamali ba sai da izininki, ko da hakan zai ɓata wa Dhruva bikinsa. In ta ƙi, kin san matsayinki, kina iya cewa a cire sunanki cikin sirri, ba wanda zai zarge ki. Amma ban yi zaton za ta ƙi ba. Akayau kuwa ki bar shi inda yake. Malamarki ta ba ki ne don ya ci gaba da kaɗawa, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Malama, ciwon nan wataƙila ya lafa, wataƙila ya yi gaba. In ya yi gaba, ranar za ta zo da za ki buƙaci mai ɗaura miki sari da mai raka ki asibiti. Ɗalibai za su gama su tafi. Mijin da kuke kwana ɗaki ɗaya bai gani ba, ƙanenki bai gani ba. A duk garin nan mutum ɗaya ce ta kalle ki sosai har ta haddace abin da kike ɓoyewa, ta kuma ji tsoro dominki. Ki hukunta ta yadda kika ga dama, amma kada ki kore ta.

Ubangiji ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyarki, ya daidaita tsakaninki da 'yarki.

Akka Vanaja